Tambayoyin Masu Karatu: "Thou art" da ƙamus ya kasa warware mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. A adakar marigayi mahaifina na tarar da fassarar Alƙur'ani da Turanci ta Abdullah Yusuf Ali. Sai na yi ta cin karo da "Thou art" da "thou wilt". Ƙamus ya ce art zane ne, wilt kuma yaushin ganye. Ko kuskuren ɗab'i ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Babu kuskure, kuma ƙamus bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya kai ka gidan takwara.

Yusuf Ali ya fara fitar da fassararsa a 1934, amma da gangan ya ari tsohon Turanci, irin na Littafi Mai Tsarki na Sarki James na 1611 da na zamanin Shakespeare. Pickthall, wani mai fassara Alƙur'ani zuwa Turanci, shi ma haka ya yi a 1930. A wancan Turanci, thou shi ne "kai" ko "ke", kuma aikatau da ya biyo shi yakan ƙare da st ko t. Don haka thou art na nufin you are, thou wilt kuma you will. Haka thou hast, thou dost, thou shalt, wato you have, you do, you shall. Idan wani ake magana a kansa, sai th ta zo: he hath, she doth, he knoweth, inda yau ake cewa has, does, knows. Wannan s ɗin daga arewacin Ingila ta taso, ta bi a hankali har ta kori th ta mutanen kudu.

Dabarar ita ce ka dubi maƙwabcin kalmar kafin ka buɗe ƙamus. In thou na kusa, tsohon aikatau ne. Ka kula kuma da masu kama da juna: hast daban da haste, wato gaggawa, dost daban da dust, wato ƙura. Na sha ganin ɗaliban da ke shirin WAEC sun zame a nan.

Abin da yake ba ni dariya shi ne, yau mutane na jin thou kamar kalmar girmamawa ce. A da, da ita ake kiran yaro, ko bara, ko amini. You ce ta manya, kamar yadda ba za ka ce wa dagacinku "kai" ba, sai "ku". 'Yan ɗariƙar Kirista ta Kweka a Ingila, a ƙarni na 17, sun sha duka saboda sun nace sai sun ce wa kowa thou, har da alƙalai. Daga baya you ta haɗiye komai, thou ta rage a addu'a da waƙa da bakin wasu dattawan Yokshaya da ke arewacin Ingila.

Karanta abinka, Malam. Amma don Allah kada ka koya wa 'yan aji shida su rubuta hath a jarrabawa, mai maki zai soke ta da jan biro.