Amsa ga ɗan ƙanena kan tsofaffin littattafan ikkilisiya

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce dattawan ikkilisiya sun sa ka cikin kwamitin da zai tattara tarihin majami'arku, ka buɗe akwatin da ke ofishin fasto ka tarar da rajistocin baftisma da na aure da na jana'iza waɗanda takardunsu suka yi ja don tsufa, har kake tambaya ko ajiye irin waɗannan littattafai al'ada ce mai tushe a wurinmu Luteran, ko kuwa ya isa a ɗauki hotonsu da waya a huta da su. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa kowace shekara, ranar 31 ga Oktoba, ake maimaita mana labarin Martin Luta. Tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya, don haka zan haɗa su.

Kowane ɗan ajin tabbatarwa, wato ajin da ake shirya matasa su fara karɓar Jibin Ubangiji, ya haddace cewa a wannan rana ta shekarar 1517 Luta ya kafa batutuwansa 95 a ƙofar majami'ar fada da ke Witinbag a ƙasar Jamus, yana ƙalubalantar cinikin takardun gafara. Abin da ba a cika gaya muku ba shi ne, wanda ya fi baza labarin ƙofar shi ne abokin aikinsa Filibus Melankton, kuma ya rubuta shi ne bayan rasuwar Luta a 1546. Shi Melankton bai zo Witinbag ba sai 1518, wato a wannan magana jiyau ne, ba ganau ba. Ita kanta ƙofar katakon ta ƙone a yaƙi a 1760, ta tagullar da maziyarta ke ɗaukar hoto a gabanta yau kuwa a 1858 aka sa ta. Ban ce ba a kafa takardar ba, domin masana sun rabu a kai. Amma abin da babu mai gardama a kansa shi ne wasiƙar da Luta ya rubuta wa Albirekt, babban bishop na Mainz, mai ɗauke da kwanan watan 31 ga Oktoba, wadda har yanzu tana ajiye a gidan adana takardu na ƙasar Suwidin a birnin Sitokhom. Takarda guda mai kwanan wata ita ce ta riƙe mana ranar da muke taruwa dominta, kuma irinta ce ke cikin akwatin da ka buɗe.

Al'adar rubutawa ta samo asali ne daga aikin kiwon garke. Da Luta da abokansa suka zagaya ikkilisiyoyin ƙauyukan Sakisoni wajen 1528, suka tarar da jama'a da yawa ba su iya Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma ba, abin ya dame shi har ya rubuta Ƙaramin Katakisma a 1529 domin maigida ya koyar da iyalinsa. Ikkilisiyar da ta ɗora wa kanta koyar da kowane mutum dole ta san wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka tabbatar, da wanda ke zuwa Jibin Ubangiji. A Suwidin abin ya kai ga dokar ikkilisiya ta 1686 ta wajabta wa kowane fasto riƙe littattafan haihuwa da aure da mutuwa, yana kuma bin gida-gida yana rubuta yadda kowa ya iya karatu da katakisma. Fastocin da suka cika waɗannan shafuka ba su ɗauki kansu marubutan tarihi ba, aikinsu na mako kawai suke yi, amma yau jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da waɗannan littattafai suke gano kakanninsu.

Game da ɗaukar hoto, ka ɗauka, ina ma goyon bayanka. An karanta Shaidar Bangaskiya ta Ogsbag, wato takardar da ta bayyana koyarwar Luteran, a gaban sarki Karlos na Biyar ranar 25 ga Yuni 1530, aka miƙa masa ita da Jamusanci da Latinanci, kuma duka takardun asalin biyu sun ɓace. Abin da ya cece ta shi ne an riga an kwafe ta, an buga ta, ta shiga hannu da yawa, har aka haɗa ta da sauran shaidunmu cikin littafi guda a 1580. Saboda haka kwafin da ka yi ka ajiye shi a wurare dabam-dabam, ɗaya a majami'a, ɗaya a ofishin dayosis, ɗaya a makarantar horar da fastoci. Sai dai hoto bai ba ka izinin yar da littafin ba. Waya takan ɓace, kwamfuta takan lalace, takarda kuwa idan an tsare ta daga laima da ƙwari takan yi ɗaruruwan shekaru. Na taɓa neman shaidar baftismar mahaifiyarmu a wata majami'a da ba zan ambaci sunanta ba, na tarar gara ta cinye shekaru goma daga tsakiyar rajistar, domin an ajiye akwatin a ƙasa jikin bango. Ku ɗaga naku bisa, kada ku manne shafin da ya yage da salatif, kada kuma kowa ya gyara rubutun wani da biro. In akwai kuskure, a rubuta gyaran a wata takarda dabam da sunan mai gyaran.

Inda nake so ka fi ba da ƙarfi shi ne abin da ba ya cikin akwatin. A tarihin ikkilisiyarmu ta Luteran a Najeriya, mun san Dokta Niels Bronnum, ɗan mishan na ƙasar Denmak, ya iso Numan a 1913, mun san an naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa a 1948, mun san Akila Todi ya zama bishop na farko a 1973, mun kuma ga an zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus shugaban Tarayyar Luteran ta Duniya a 2017. Waɗannan ba za su ɓace ba, domin masu mishan sun riƙa aika rahotanni da wasiƙu gida, manyan ofisoshi kuma suna da magatakarda. Amma mai bisharar da ya fara tara mutane yana koya musu karatu, da matar da ta kafa Zumuntar Mata a majami'arku, da dattijon da ya ba da filin da aka yi ginin farko, su wa ya rubuta? Sunayensu suna bakin tsofaffi ne kawai. Ka je ka zauna da su, ka naɗi muryarsu da yardarsu, ka rubuta sunan mai magana da ranar da ya yi ta, ka kuma tambaye shi a fili ko ya gani da idonsa ne ko an ba shi labari. Ɗaliban Luta sun riƙa rubuta hirarsa a wurin cin abinci, aka buga ta a 1566, masana kuwa har yau suna amfani da ita amma suna auna ta, suna duba wane ɗalibi ne ya rubuta wace magana. Idan tsofaffi biyu suka saɓa a kan shekara, ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi.

Za ka kuma ci karo da abin da ba shi da daɗin ji, kamar rigimar shugabanci ko rabuwar da aka taɓa yi. Kada ka goge shi. Luta ya yi mugun rubutu a kan Yahudawa a 1543, ikkilisiyoyin Luteran ba su ɓoye shi ba, sun fito sun yi tir da shi. A 2010 kuma, a birnin Situtgat, Tarayyar Luteran ta Duniya ta nemi gafarar Menonayit, wata ɗariƙar Kirista, saboda tsanantawar da aka yi wa kakanninsu a ƙarni na 16, abin da ba zai yiwu ba da an ƙone shaidar. Amma adanawa dabam, tallatawa dabam. Littafin horo, inda aka rubuta waɗanda aka dakatar daga Jibin Ubangiji da dalilin dakatarwar, ba na Facebook ba ne, domin 'ya'yansu da jikokinsu suna zaune tare da kai a majami'a ɗaya. Wannan ya zauna a hannun fasto da dattawa. Abin da za ka rarraba shi ne tsofaffin hotuna tare da sunayen waɗanda ke ciki, da jerin masu bishara da fastoci da shekarunsu, da waƙoƙin da aka daina rerawa, a kuma karanta wani sashe a sujadar 31 ga Oktoba bayan labarin Witinbag.

Ina da hotuna huɗu na ajin tabbatarwarmu, na rubuta sunayen da na tuna a bayansu da fensir, saura mutum uku da suka shige mini. Idan ka zo ka taho da littafin rubutu, mu je wurin gwaggonka tare, ita ta fi ni riƙe fuska.

Baffanka.