Tambayoyi da Amsoshi: Leda Ce Take Lalata Muku Murhu

Tambaya: Yayana da ke Kanada ya aiko mini da murhun itace na ƙarfe, irin wanda yake ƙona hayaƙinsa, domin ɗumama falo lokacin hunturu. Da farko ba ya hayaƙi, yanzu kuwa bututunsa yana turnuƙe unguwa. Da leda muke hura shi. (Mai karatu daga Pantami, Gombe)

Amsa: Malam, ai ka faɗi cutar da bakinka. Wannan ɗabi'a ta kama wuta da leda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ko a murhun duwatsu uku illa ce ga ƙirjin matan da ke tsugune a gabansa, balle a wannan murhu.

A samansa akwai wani tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarfen filatinam ko faladiyam. Shi ne yake sa hayaƙi ya kama da wuta a zafin digiri 260 na Salsiyas, alhali in babu shi sai zafi ya kai wajen digiri 600. Hayaƙin leda, da na katako mai fenti, da na shara, yana lulluɓe wannan shafe har ya daina aiki, kuma idan ya mutu babu gyara sai sauyi.

Kafin ka yanke ƙauna, bari murhun ya huce sarai, ka share tokar da ta toshe ramukan da burushi mai laushi. Kada ka zura waya a ciki. Daga nan ka hura da ƙirare, ka bar mabuɗin da ke kai hayaƙi bututu kai tsaye a buɗe, sai ma'aunin zafi ya kai 260 sannan ka rufe shi. Idan allurar ta ci gaba da hawa, hayaƙin kuma ya ragu, to tangaran ɗinka yana da sauran rai. Ni dai ba na yarda a kwana da irin wannan murhu a ɗakin da babu na'urar gano iskar kabon monoksaid, domin iskar ba ta da wari kuma tana kisa.

Tambaya: Akwai manhajar da zan sauke wayata ta riƙa auna mini zafin murhu? (Mai karatu daga Azare)

Amsa: Babu. Yawancin irin waɗannan manhajoji zafin batirin wayarka suke karantawa. Ka sayi ma'aunin murhun, ka kuma nesanta wayar daga wuta.

Tambaya: Itacen damina yana da illa? (Mai karatu daga Yelwa, Bauchi)

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Ɗanyen itace yana tara kunkunniya a bututu, kuma tururinsa yana iya tsaga tangaran mai zafi. A faskara shi, a jera a rumfar da iska ke ratsawa har laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.