Tambayi Likita: Tumatir, Feshi da Shan Manja

Likita, idan tumatir ya yi tsada da damina muna komawa kauɗa. Tana da amfani kamar ɗanye? (Wata uwargida daga Katsina)

Tana da shi, Hajiya. Rana tana cinye yawancin bitamin C ɗinta, amma laikofin, sinadarin da ke ba tumatir launin ja, yana nan, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an dafa da mai. Ki dai wanke ta sosai, don kin san a bakin titi ake shanya ta.

Wai 'ya'yan tumatir ne ke zama tsakuwar ƙoda? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

A'a. Ka sha ruwa da yawa, ka ci miyarka. Wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni ne ake cewa ya rage cin tumatir, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsa.

Ƙanena ya yi wa tumatir feshi, ya dawo yana amai da zufa, yawu na zuba. Muka ɗura masa manja da madara har ya farfaɗo. Ko akwai abin da za mu ƙara? (Wani manomi daga Kura)

Malam, Allah ne ya yi da sauran kwanansa, ba manja ba. Wannan al'ada tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin magungunan feshi a cikin mai suke narkewa, don haka manja ba ya kashe dafin, yana ma iya taimaka masa shiga jini. Mutumin da ya galabaita kuma, abin da aka ɗura masa kan zarce huhu. Haka nan sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai.

Alamomin da ka lissafa na dangin fiya-fiya ne. Suna hana jijiyoyi hutawa: yawu da majina su yi ta zuba, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya cika da ruwa, daga ƙarshe numfashi ya tsaya. Akwai allurar da ke karya wannan, atrofin, amma a asibiti take. Abin yi shi ne a cire masa kayan da ya yi feshi da su, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, a kwantar da shi a gefe guda, a garzaya asibiti tare da robar maganin. Ko yanzu da ya miƙe ku kai shi, domin raunin numfashi na iya biyo baya bayan kwana ɗaya zuwa huɗu.

Na san abin da ke tura ku. Tun 2016, da tsutsar nan da kuke kira Sharon ta cinye gonakin Kadawa ta Jihar Kano da kewaye har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kowa ya tsorata. Tsutsar a cikin ganye take ɓuya, feshi bai cika isa gare ta ba, sai a ninka awo, a haɗa magani uku a tanki guda. Mai feshin ga shi da singileti, ba takalmi, bakin famfo ya toshe ya busa da bakinsa! Haba jama'a. A sa doguwar riga da safar hannu, a rufe hanci, a ba iska baya, kada a ci goro ko a sha taba ana cikin aiki. Robar da ta ƙare kada ta koma ta ruwan sha. Kwanakin jira kafin tsinka da aka rubuta a jikin roba ma a cika su, don 'ya'yan wasu ne za su ci. Na sake faɗa: ku kai yaron nan asibiti.

Ina da juna biyu, an ce tumatirin gwangwani da lemon malt na ƙara jini. (Wata mai karatu daga Zariya)

'Yar'uwa, jan launi ba jini ba ne. Sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin wannan haɗi bai taka kara ya karya ba. Ki je awo a gwada jininki, ki sha ƙwayoyin da aka ba ki, ki ci wake, zogale, kifi da nama. Idan kina jiri ko haki, kada ki jira ranar awo, yau ɗin nan ki tafi.