Kafin ka taya jirgin gwangwani a York

Yarona, ka tambaye ni idan ka shiga baje kolin tsofaffin jiragen wasa na garin York a Amurka ka ga kan jirgin ƙasa na wasa guda biyu iri ɗaya, ɗaya na sheƙi kamar jiya aka ƙera shi, ɗaya duk jikinsa ƙarzuwa, wanne za ka ɗauka. Ni dai sau da yawa mai ƙarzuwar nake so ka kawo mini shago. Jawo kujera ka ji dalili.

Gwangwanin nan fallen ƙarfe ne da aka yi wa shafen kuza don kada ya yi tsatsa, shi ya sa maganaɗisu ke kama shi. Ado iri biyu ake yi masa. Kamfanin Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a New York a 1900, yawancin jiragensa na kafin yaƙin duniya na biyu fenti aka yi musu. Na kamfanin Marx kuwa, masu araha, zanen ake bugawa a jikin fallen tun yana shimfiɗe, sannan a yanka a lanƙwasa. Wannan bugun in ya goge ya tafi ke nan, babu buroshin da zai maido da shi. Fenti ana iya sakewa, amma masu tara kayan nan fentin asali suke zuba wa kuɗi, ko da ya sha jiki. Jirgin da ya kusa shekara ɗari a hannun yara, ka gan shi sumul, sai ka tsaya ka bincika.

Juya shi ka duba cikinsa. Sassan jikin yawanci ba walda aka yi musu ba, 'yan kunnuwan ƙarfe ne ake zurawa a rami a lanƙwashe. Wanda ya sake fenti dole ya ɗaga kunnuwan nan, kuma za ka ga sawun sukurdireba a gefensu, ko ka tarar ɗaya ya karye, don ba sa jure lanƙwasa sau da yawa. In fenti ya hau kan ƙusa ko ya cike harufan sunan kamfani, magana ta ƙare. Sabon fenti ba laifi ba ne, mu ma muna yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ɓoye wa mai saye. Ƙungiyar masu tara jiragen wasa ta TCA, wadda aka kafa a 1954, reshenta ne ke shirya taron York a jihar Pennsylvania duk Afrilu da Oktoba, kuma tana da ma'aunin daraja daga C-1, mafi lalacewa, zuwa C-10, sabo fil. Ka tambayi mai teburi a wane mataki ya ajiye kayansa, ka tambaye shi kai tsaye ko na asali ne, domin kamfanin MTH ya sake ƙera irin tsofaffin nan sababbi fil.

Sai ƙafafun. Da yawa na shekarun 1920 da 1930 zubin tutiya ne, kuma inda dalma ta gauraya a zubin, ƙarfen yakan kumbura ya tsattsage har ya marmashe. Ba shi da magani. Ƙafa kam ana samun madadinta, amma in gangar jikin ce ta kamu, kamar yadda ya addabi jiragen kamfanin Dorfan, ajiye musu kayansu ka wuce.

Inji kada ya tsorata ka. Tsohuwar waya, busasshen giris, datti, duk aikin yini ɗaya ne a teburin nan. Mai amfani da lantarki ka nemi a ɗora maka shi a layin gwaji. Wanda ake wanawa da makulli kuwa, irin na kamfanin Hornby da aka fara yi a Ingila a 1920, murza makullin a hankali. In yana juyawa ba ya tauri, sifirin ya tsinke ko ya zame.

Ka sa awo a aljihu tare da tocila. Layin Standard Gauge na Lionel faɗinsa inci 2 da ɗaya bisa takwas ne, layin da ake kira O kuwa inci 1 da kwata, kuma mahaɗin taragon wannan kamfani ba lallai ya shiga na wancan ba.

Kada ka ɗauki kayan mutum sai ka nemi izini. Ka zaga zauren gaba ɗaya kafin ka taya komai, ka riƙe tsabar kuɗi, sannan ka koma a ranar ƙarshe, lokacin da masu kaya ba sa son sake loda akwatuna a mota.