Kafin ka taɓa motar da ke da na'urar busa

Habu, ka ce an kawo Camry gareji jiya, kik ɗinta ba ya juyawa, kuma akwai na'urar busa a jikinta, wadda ke auna barasa a numfashin direba kafin ta bar mota ta tashi. Kana tambaya ko za ka haɗa waya kai tsaye ka tsallake na'urar, ka gwada kik ɗin, in ka gama ka mayar. Kul! Ajiye sifana ka saurara, don tambayar nan ta tono mini abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Kotu ce ta sa wannan na'urar. A nan jihar New York akwai dokar Leandra ta 2009, sunan wata yarinya 'yar shekara 11 da ta rasu a motar da wata mata ke tuƙawa cikin maye. Tun watan Agustan 2010, duk wanda aka samu da laifin tuƙi a buge sai ya sa ta a duk motar da ya mallaka ko yake tuƙawa, da kuɗin aljihunsa, yawanci shekara guda. Ma'aunin barasa a jini da ke zama laifi a kan titi 0.08 ne, amma ita an saita ta a 0.025, wato ko kaɗan ya sha tana iya hana motar tashi. Wanda ya tsallake ta, ko ya busa wa mai laifin, shi ma laifi ne da zai iya kai shi kurkuku har shekara guda. Makanike ba a cire shi ba.

Na'urar kashi biyu ce: kan da ake busawa, da akwatin rile, wato makunnin da ke haɗa wuta ko ya yanke ta, da ke ƙarƙashin sitiyari. Mai sakawa ya yanke wayar da ke tafiya daga makulli zuwa kik, ya shigar da bakin biyu cikin akwatin, ya ba shi wuta mai zama daga batir, wutar makulli da wayar ƙasa, ya ja wata zuwa hon da fitilu. In numfashi ya fito da tsabta rile ya rufe, kik ya samu wuta. Ba ta kashe injin da ke tafiya, duk wanda ya ce maka haka bai san aikin ba. Bayan an tashi da minti 5 zuwa 15 sai ta sake neman a busa, ta riƙa nema jefi-jefi, in aka ƙi sai hon ya kama ihu. Abin da yaran yanzu ba sa ganewa shi ne tana rubuta komai. Batir a kwance yana wajen bolt 12.6, altaneta na fara caji ya haura kusan 14, daga nan ta san inji ya tashi. In ta duba ba ta ga busa kafin nan ba, ta rubuta rana da sa'a da minti.

To ga abin da ya ci mu. Wata Juma'a da yamma wani mutum ya zo da motar ja, wai Honda ɗinsa ta ƙi tashi, wai na'urar ce ta lalace, ga shi zai kai matarsa asibiti. Yaron da ke gareji lokacin, wanda ya fi ka rawar kai, bai tambayi kowa ba. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya ɓare hatimin kamfanin na'urar, ya haɗa bakin wayar kik biyu da guntuwar waya, mota ta tashi. Lafiyar na'urar ƙalau, bakin mutumin ne ke warin barasa, cingam ya cika baki da shi. Ya miƙa wa yaron dala 40 ya ce a bar wayar haka zuwa Litinin, ya kuma nemi rasit na "gyaran wuta". Rasit ɗin shi ne tarkon. Kwana uku yana yawo, na'urar na rubuta duk tashin da ya yi ba busa. Da aka sauke bayanan aka tura wa jami'in da ke sa masa ido, sai ya fito da takardarmu ya rantse cewa gareji ne ya yi, shi bai san komai ba. Kamfanin ya janye izininmu na sakawa da saitawa, aikin da ke kawo mana motoci kowane wata ba fashi. Kuɗin lauya daban. Dala 40! Shi kuwa mutumin ko a yi haƙuri bai ce ba, har yau yana wucewa ta gaban gareji.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyon minti uku a YouTube kun zama injiniyoyi, ba ku san waya ɗaya na iya rufe gareji ba.

Camry ɗin nan, mai ita zai kira kamfanin da kansa, lambar na jikin kan busawa, ya shaida musu tana wajen gyara. Su za su ce ko akwai takardar da za ka cike, ko lamba ta ɗan lokaci da za su ba ka. Kafin ka cire kan batir rubuta sa'a da adadin mil ɗin da mota ta yi a rasit, in ka mayar ka sake rubutawa, don yanke wuta ma tana ɗaukarsa a matsayin taɓa ta. Kik kuwa ciro shi ka gwada a benci, ba sai na koya maka wannan ba. Amma fara auna batir tukuna: na'urar na shan wuta ko mota a kashe take, kuma a sanyin Bronx motar da ta kwana huɗu ba a tayar ba sai ka rantse kik ne ya mutu. In za a tayar, mai ita ya busa da bakinsa, yawancinsu akwai kyamara. Kada ka fesa abin wanke birki ko ka shafa sanitaiza kusa da kan busawa, don na'urar na iya ɗaukarsu a matsayin barasa. In ta ƙi, ya ce ruwan kurkurar baki ya yi amfani da shi, ya kurkure da ruwan famfo ya jira minti 15. In bayan nan ta sake ƙi, ka miƙa masa makullinsa, ya kira motar ja.