Kafin ka biya kuɗin manhajar gyaran hoto, ka fara zagaya Kaduna da kyamarar

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yayanka ya bar maka Nikon D3300 da gilashin da ta zo da shi, kana sha'awar ɗaukar hotunan cikin garin Kaduna, amma kanka ya ɗaure a kan manhajar gyara: wannan ya ce Photoshop, wancan ya ce Lightroom, ga laftof ɗinka RAM ɗinta giga 4 ne kacal, ga kuɗin makaranta a gabanka.

A gajarce: kada ka biya ko sisi yanzu. Amma bari in gaya maka dalili, don na bi wannan hanya kuma na sha ƙasa a cikinta.

Ni da hotunan biki da suna na fara, daga baya zuciyata ta karkata ga hoton titi. Lokacin da nake kamar kai, na ɗauka duk sirrin yana cikin Photoshop. Na kai kwamfutata wani shago aka saka min na sata, wanda aka fasa, na biya ɗan abin da aka nema ina murna na yi arha. Ba a yi wata biyu ba kwamfutar ta fara nauyi, ta koma kashe kanta, ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya kuwa tana ɗauke da hotunan ɗaurin auren wani abokina da ban kwafe ko'ina ba. Har yau idan muka haɗu sai ya tsokane ni. To daga ranar na daina saka manhajar sata, kuma kowane hoto sai ya kwana a wuri biyu. Abin haushin ma, a wata biyun nan ban koyi komai a Photoshop ɗin ba in ban da goge ƙuraje.

Ka fara gane cewa aikin iri biyu ne, don a nan mutane ke rikita sabon shiga. Akwai gyaran haske da launi, a daidaita hoton da ya karkace, a yanke gefen da bai da amfani. Wannan shi ne aikin Lightroom da ire-irensa. Akwai kuma sassaƙa hoto, a cire mutum, a sauya sararin sama, a haɗa hoto biyu su zama ɗaya, a yi fasta. Wannan fagen Photoshop ne, da GIMP wanda yake kyauta. Mai hoton gari, a cikin hoto goma, tara ba sa buƙatar komai sai na farkon. Kamfanin Adobe kuma tun 2013 ya koma tsarin haya, wato ba saye kake yi ka mallaka ba, biya za ka yi ta yi, kuma da dala ake ƙiyasta kuɗin. Ka san yadda naira ta koma. Sannan Lightroom na kwamfuta giga 8 yake nema mafi ƙaranci, taka ba za ta ja shi ba sai da kuka.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka sauke NX Studio. Na Nikon ne da kansu, kyauta ne, kuma an yi shi ne don kyamarorinsu, saboda haka launin da ka gani a bayan kyamara shi zai buɗe maka. Ba shi da sauri a ƙaramar kwamfuta, sai ka rufe sauran abubuwa ka yi haƙuri, amma zai yi aikin. Masu Canon su ma suna da nasu na kyauta, Digital Photo Professional. Akwai darktable da RawTherapee, duk kyauta kuma suna da ƙarfi ƙwarai, sai dai ba zan tura ka can yau ba. Ranar da na fara buɗe darktable sai na ji kamar an ajiye ni a gaban injin jirgin sama. Ka bar shi sai ka san me kake nema a hoto.

A waya kuwa, Snapseed. Na Google ne, ba talla, ba biya, kuma ba ya cin data in ka riga ka sauke shi, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Rabin hotunan da mutane ke yaba min a cikinsa na gyara su, ina zaune a teburin mai shayi ina jiran a kawo wuta. Kyamararka ba ta da Wi-Fi a jikinta, don haka ka nemi ɗan abin karanta memori mai shiga bakin waya, ana samu a wajen masu kayan waya. Abu ɗaya ka kiyaye: Snapseed na Android ba ya buɗe RAW ɗin Nikon, wato ɗanyen fayil ɗin hoto wanda kyamara ba ta sarrafa ba, sai dai JPEG, hoton da ta riga ta sarrafa ta matse. Ka saita kyamarar ta riƙa ajiye RAW da JPEG tare, JPEG ya tafi waya, RAW ya jira kwamfuta. Kowane RAW zai ci wajen megabait 20, sai ka yi lissafin memori.

Me ya sa nake nacewa a kan RAW? Saboda farar shadda. Wannan ita ce jarrabawar kowane mai hoto a Arewa, kuma bidiyoyin koyarwa na Turawa ba su cika taɓo ta ba, don ba matsalarsu ba ce. Ka tsaya a bakin titi wajen Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a bayan an sallame, rana tana tsaka, jama'a sun fito cikin fararen kaya. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskoki su koma baƙi ƙirin a ƙarƙashin hula. Ka ƙara haske don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aikin wuyan da mai ɗinki ya ɓata kwanaki a kansa ya ɓace. Farin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi, ko ta nawa ce. Duhu kuwa, in RAW ne, ana iya ɗaga shi sosai. Don haka ka auna haske da rigar, ka bari fuska ta ɗan yi duhu, in ka koma gida ka ɗaga inuwar a hankali. A hankali fa na ce. In ka zarce sai baƙin mutum ya koma toka-toka kamar wanda ya kwana a bakin murhu.

Nan ne ma nake auna kowace manhaja da kowace filta: me ta yi wa fatar mutum? Yawancin filtocin da ake rabawa ba da fatarmu aka gwada su ba. Ka ɗora, mutum baƙi ya koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya koma kamar ya yi bilicin. Su Remini, manhajar ƙara wa fuska kyau, da makamantansu kuwa ba gyara suke yi ba, sabuwar fuska suke zanawa. Na taɓa gwadawa da hoton wani dattijo mai sayar da goro, sai ga shi an share masa tsagar fuskarsa an ba shi haƙoran saurayi. Ai wannan ba shi ba ne.

Sai hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu za ka ga hotunanka sun yi fari-fari, ba su da kaifi, ka ɗauka kyamarar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, hunturu ne. A Lightroom akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Dehaze, sabon shiga yana son ja masa har ƙarshe. Sakamakon shi ne sama ta yi wani shuɗi mai datti, kuma duk ƙurar da ta shiga cikin kyamara ta bayyana ɗigo-ɗigo. Ni na daina yaƙi da hazo. Ka je bakin kogi da sassafe a watan Janairu, ka ga yadda gada ke ɓacewa a hankali cikin fari, masu kwalekwale sun zama inuwa, rana ta fito ja kamar faifai har kana iya kallonta. Wanda yake Legas sai ya yi da gaske zai samu irin wannan. Me zai sa ka goge shi? Abin da kawai za ka kiyaye, kada ka cire gilashin kyamara a waje lokacin ƙura, kuma ka riƙa yawo da ita cikin jaka.

Ja da ɗorawa ma suna yaudara. Ƙasarmu ja ce, kwanon rufin tsofaffin unguwanni ya yi tsatsa, ga Keke-Napep, ga atamfa. Launi ya riga ya cika wurin. Da ka ƙara masa kaɗan sai hoton ya koma kamar kalandar kamfanin fenti. Ni sau da yawa ragewa nake yi.

Yanzu batun fita, wanda shi ne ya fi manhajar muhimmanci, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ka fita bayan Asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, ko bayan La'asar sakaliya. Rana a nan ba ta jan jiki wajen faɗuwa, bayan ta faɗi abin da ya rage maka na shuɗin sama bai fi minti ashirin zuwa talatin ba, kuma lokacin sallar Magariba ne, sai ka tsara inda za ka yi salla kusa da inda za ka tsaya. Ka sa kyamarar a kan A, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, ka ajiye ta a f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske, tsakanin 100 da 400 in da rana, ka tabbata saurin ɗauka bai gaza 1/250 na daƙiƙa ba in akwai masu tafiya. Gilashin 18 zuwa 55 ɗin nan da ya zo da kyamarar, wanda kake rainawa, ya ishe ka shekara guda cur.

Ka fara da wurin da ba mai tsare ka. Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, yana da kyau ga mai koyo: ga kogi, ga itatuwa, ga tsohuwar gadar Lugga ta ƙarfe da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo Kaduna. Layukan ƙarfenta za su koya maka daidaita hoto fiye da duk wani darasi. Dandalin Murtala, inda aka yi hawan daba na bikin FESTAC a 1977, da safe za ka samu masu motsa jiki, ka koyi kama abin da ke gudu. In hannunka ya faɗa sai ka shiga Ahmadu Bello Way, gefen Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, ko Kasuwar Barci a Tudun Wada, ko Panteka inda tartsatsin walda da tulin ƙarafa kaɗai sun isa aikin wata guda. Kakuri kuma, in ka bi ta gefen masaƙun da suka tsaya, akwai labari a jikin kowace katanga.

Amma ka san garin da kake. Kaduna garin sojoji ne. Bariki, makarantar horar da hafsoshi ta NDA, sansanin sojan sama, shingen bincike, gidan gwamnati, ko da wasa kada ka ɗaga kyamara. Lugard Hall yana da kyau a hoto, amma majalisar dokokin jiha ce a ciki, sai da izini. Na taɓa tsayawa ina ɗaukar wata bishiyar maɗaci da hasken yamma ya bugi ganyenta, ashe ƙofar wani gini na bayanta. Na shafe kusan awa biyu a kan benci ina bayani, kuma sai da na goge duk abin da na ɗauka a ranar. Laifina ne, ban duba bayan bishiyar ba. Ka riƙa ɗaukar katin shaidarka na makaranta, in an tsayar da kai ka yi magana da ladabi, ka nuna abin da ke cikin kyamarar.

A kasuwa kuwa sallama ce lasisinka. Kada ka labe daga nesa kana harbin mutane kamar ɓarawo. Ka gaisa, ka sayi goro ko ruwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hoton. In layi ne mai shugaba, ka fara ganinsa. Wanda ya ce a'a, ka ce na gode ka wuce. Mata sai da yardarsu, yara sai da ta manyansu, almajirai kuma don Allah kada ka mai da su kayan neman tausayi a Facebook. Abin da ya fi buɗe min ƙofa shi ne wanke hoto. Na kai wa wani maƙeri nasa a takarda bayan mako guda, yau in na shiga layinsu kujera ake ba ni, har a ce, "Mai hoto, zo ka ɗauki wannan."

In ka dawo da hoto ɗari biyu, kada ka gyara ko ɗaya a daren. Ka bari gari ya waye, ka zaɓi biyar. Zaɓen nan shi ne rabin gyaran, kuma shi ya fi ciwo. A kan biyar ɗin, ka miƙe abin da ya karkace, musamman hasumiya da turakun wuta, ka yanke gefe, ka daidaita haske, ka duba farin ko fari ne, ka tsaya nan. Kada ka yi gyara a cikin rana hasken waya yana ƙure, da dare za ka ga abin da ka aikata. Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto, in kana son ya isa yadda yake ka tura shi a matsayin fayil.

Yaushe za ka biya kuɗi? Ranar da wani ya ba ka aikin biki ka dawo da hoto ɗari takwas da ake jira jibi. A nan Lightroom yake cin kuɗinsa, don za ka gyara ɗaya ka watsa gyaran a kan ɗari, kuma yana tsara maka hotuna yadda ko bayan shekara uku za ka nemo su. Lokacin aikin ne zai biya, ba aljihunka ba, kuma kafin nan ka ƙara wa laftof ɗin RAM, in tana karɓa, shi ya fi komai araha.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je Gamji wajen ƙarfe shida da rabi na safe. In kana da hali ka zo da kyamarar, batir a cike, memori a share, ka kuma taho da hotuna biyar da ka riga ka ɗauka waɗanda ba ka taɓa su ba, mu buɗe su tare a Snapseed.