Kar ka tashi sai lauyan ɗaya ɓangaren ya gama da shaida

Yaro na, na ga tambayar da ka turo da daddare, ka ce Oga in mutum ya yi rantsuwa a kotu ya ba da shaida, ba shikenan sai mu buga a matsayin abin da ya faru ba? A'a fa. Abin da ka ji da kunnenka shi ne ya faɗa, to haka za ka rubuta, "shaida ya shaida wa kotu cewa", ko da kuwa kuka yake yana magana.

Ka san shari'ar kisan Kudirat Abiola ai, matar ɗan siyasa MKO Abiola da aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Babban shaidar masu gabatar da ƙara shi ne Sajan Barnabas Jabila, wanda kowa ya sani da Sajan Rogers, ya tsaya ya ce shi ya yi harbin kuma Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Janar Abacha, ne ya ba da umarni, ga Mohammed Abdul da ake ce wa Katako shi ma ya ce shi ya tuƙa motar, jaridu suka ɗauka kowa na karantawa, a majalisa da teburin mai shayi an gama yanke hukunci tun alƙali bai ce uffan ba. To da lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka titsiye su sai su biyun suka janye maganarsu, suka ce alƙawura aka musu aka koya musu abin da za su faɗa. Ɗan jaridar da ya ɗau maganar farko ya ruga ofis, bai dawo ya ji ta biyu ba, wallahi rabin labari ya sayar wa mutane, kuma wannan abu yana min ciwo har yau don rai aka kashe kuma ran wasu ma yana cikin haɗari.

Ka duba yadda alƙalai kansu suka rabu a kan shaidar nan. Mai shari'a Mojisola Dada ta babbar kotun Legas ta karɓe ta, ranar 30 ga Janairu 2012 ta yanke wa Al-Mustapha da Lateef Shofolahan, wanda ake tuhumarsu tare, hukuncin rataya. Ranar 12 ga Yuli 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta sallame su, ta ce shaidar da ta ci karo da kanta ba a rataye mutum da ita. Har yau jama'a na gardama, wasu su ce maganar farko ce gaskiya tsoro ya sa suka juya, wasu su ce ta biyun, kai ba aikinka ba ne ka zaɓar musu, ka kawo duka biyun da ranar da aka faɗi kowacce.

In ka shiga kotu gobe ka raba shafin littafinka biyu, gefe ɗaya abin da ya faɗa wa lauyan da ya kawo shi, ɗaya gefen abin da ya amsa da aka titsiye shi, ka kula ko da idonsa ya gani ko ji ya yi an ce, ko yana tsare, ko akwai abin da zai samu. In an ɗage zaman ka tambayi rajistara ranar dawowa ka rubuta, ka kira ni kafin ka tura wa edita.